Kafin Mu Yi Wa Mutanen Okinawa Dariya

A zangon karatu na biyu wani tsohon ɗalibin makarantar nan ya kawo mana ziyara, bayan ya komo daga kwas na aikin gona a ƙasar Japan. Aka tara mu a babban ɗakin taro, ya nuna mana hotunan wani tsibiri da ake kira Okinawa, can kudancin ƙasar. Muka ga harabar fadar Shuri a birnin Naha, wadda gobara ta ci a 2019. Muka ga siffofin zakoki a bisa rufin gidaje. Duk muka yi tsit. Amma sa'ad da ya kai ga hoton abinci, watau ɗanyen kifi da ciyawar teku, sai ɗaki ya kaure da dariya, waɗansu har da toshe hanci, sai da malamin horo ya miƙe tsaye. Mu 'yan aji shida muna cikin masu dariyar, da kunya kuwa muke faɗa.

Daga baya muka zauna muka yi tunani a kan abin da muka yi wa dariya. Shahararren abincin tsibirin nan ana yinsa da wani ɗan itace mai ɗaci da suke kira goya, a soya shi da ƙwai da awara. I, awara, wadda muke rububinta a bakin ƙofar makaranta da lokacin tara! Su mutanen gabashin Asiya sun yi ɗaruruwan shekaru suna yinta kafin ta iso ƙasar Hausa. Shi kuwa goya ɗan'uwan garahuni ne, wanda ke yaɗo a jikin dangar gidajenmu. Suna tuɓe takalmi a ƙofar ɗaki, suna russunawa in za su yi gaisuwa. Wanne ne baƙo a cikin waɗannan? Mu da muke cin soyayyar fara da yaji, muna kaɗa daddawa a miya, in da hoton kwanonmu aka nuna wa 'yan makarantar Naha, wa ya san irin tasu dariyar?

Akwai dai abin da ya bambanta ƙwarai. A watan Afrilu iyali sukan taru a gaban kabarin kakanninsu, su shimfiɗa tabarma su ci abinci tare. Ba al'adarmu ba ce, ba mu kuma ce a ɗauka ba. Amma baƙonmu ya zauna da su, ya tambaya, ya saurara, shi ya sa ya komo da labari. Mu fa?

Mu dubi yadda muke namu yawon buɗe ido. Kowace shekara mota takan kwashe mu daga Yola, tamu ta ƙasar Karaye ba ta Adamawa ba, zuwa Gidan Makama, ko Dutsen Dala, ko madatsar ruwa ta Tiga. Kowa da ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙulinsa. Mu jeru a ɗauke mu hoto, mu koma mota mu ci guzurinmu, mu kamo hanya. Ba mu gai da kowa ba, ba mu ɗanɗana kome na wurin ba. A ganinmu wannan ganin gini ne kawai, kuɗin da iyayenmu suka biya kuwa ya fi ƙarfin hoto.

Ba sai an haye teku ake samun mutanen tsibiri ba. A ƙasar Yawuri ta Jihar Kebbi akwai Gungawa, waɗanda sunansu ma daga gungu ya fito, watau tsibiri. A tsakiyar kogin Kwara suka yi zamansu, suna su, suna noman albasa, jirgin ruwa shi ne jakinsu. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye tsohuwar Busa da tsibirai da yawa, aka ta da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. A aji an koya mana cewa Kainji tana ba da wutar lantarki, an kuma koya mana Mungo Park ya mutu a Busa a 1806. Na mutanen da suka bar gonakinsu da kaburburan iyayensu a ƙarƙashin ruwa, ba a taɓa tambayarmu a jarrabawa ba.

Da so samu ne, da can muka roƙa a kai mu. Amma mun san abin da iyaye za su ce, suna kuwa da gaskiya. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwa ya nutse da mutane da yawa kusa da Warra, a watan Yuni kuma 'yan bindiga suka sace ɗalibai a Birnin Yawuri. Ba za mu ce a jefa ran kowa cikin hatsari saboda kallo ba.

To, ga madatsar Challawa a nan Karaye, wadda aka gama a 1992. Kusan dukanmu mun taɓa hangen ruwan, amma mu nawa ne muka taɓa zama da masuntan da ke bakinsa? Ba mu san yadda ake saƙa koma ba, ba mu san lokacin da tarwaɗa da karfasa suka fi kamuwa ba, ba mu taɓa tambayar dattawan da ruwan ya tayar ina tsohon garinsu yake ba. Masuntan nan dai su ne waɗansunmu ke yi wa ba'a da ƙarnin kifi in sun shigo kasuwa.

Saboda haka muna roƙon shugaban makaranta da kwamitin tafiye-tafiye su sa Challawa a tsarin baɗi. A aika wa masu unguwa tun da wuri, a nemi izininsu. A bar garin kwaki a ɗakin kwana, a ba matan wurin kuɗin guzurin su dafa mana abin da suke ci, mu zauna mu ci tare da su. Wanda addininsa ko lafiyarsa ta hana shi wani abu ya faɗa da ladabi, ba da yatsina fuska ba. Kada kowa ya shiga jirgi sai da rigar ruwa. Kowane ɗalibi kuma ya komo da shafi guda na abin da ya ji daga bakin mutanen wurin, a buga mafi kyau a mujallar shekara mai zuwa. Mu dai lokacin mun fita, amma 'yan aji biyar sun ce za su aiko mana da kofe.