Wa ya mai da jan-baki maɓarnaci?

Duk shekara, da shinkafa ta fara nuna a fadamun Kebbi da Jigawa da Yobe, kukan manoma ɗaya ne: jan-baki ya sauko. Kukan kuwa na gaskiya ne. Cin tsuntsu ɗaya bai wuce giram 10 a yini ba, amma gungu na miliyan biyu zai lashe tan 20 kafin rana ta faɗi, kuma yaran da ake turawa gona tun asuba da gwangwani da majajjawa ba za su iya tare wannan ba. Inda na saɓa da mutane shi ne ɗaukar ɓarnar a matsayin halin da tsuntsun ya zo duniya da shi. A ganina, mu muka shimfiɗa mata tabarma.

Asalin abincin jan-baki tsabar ciyawar daji ce, sai ta yi ƙaranci yake karkata ga gero da dawa da shinkafa. Mun share dajin, mun kuma kafa noman rani, wato mun ajiye masa shinkafa da alkama a daidai lokacin da babu abin ci a ko'ina. Sannan ga batun ruwa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya halin kogin Haɗeja, wanda a da yake tumbatsa da damina ya janye da rani. Da ruwa ya daina janyewa, sai ciyawar kacala ta mamaye fadamun Haɗeja zuwa Nguru, ta toshe magudanu, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta kuma zama makwancin jan-baki da ba mai iya shiga. Ruwa da makwanci da hatsi duk a wuri guda: wane tsuntsu ne ba zai yawaita ba?

Ido ne ke yanke wa dabba hukunci, kuma abin da ta ɗauka kawai yake gani. Shi ya sa ake jifar mujiya saboda camfi, alhali dare bayan dare ɓeraye take ci, cikinsu har da irin wanda ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Ƙasar Sin ta biya farashin irin wannan lissafi da tsada. A 1958 gwamnatin Mao ta sa gwara cikin abubuwa huɗu da za a kawar, don tana cin hatsi. Aka kashe ta ba adadi, sai fara da sauran ƙwarin da take ci suka samu sarari, suka ƙara wa yunwar da ta biyo baya muni. A 1960 aka cire ta daga jerin.

Za a ce mutumin da ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa, aka kuma share masa gona a yini guda, ba darasin tarihi yake bukata ba, jirgin feshi yake bukata. Na yarda, kuma idan gungun ya riga ya sauka dole a yi abin da zai ceci amfanin bana. Sai dai an shafe shekaru da dama ana wannan feshi, jan-baki bai ragu ba. Yana hayayyafa da sauri, bai san iyakar Najeriya da Nijar da Chadi ba, kuma da yawa daga waɗanda ake kashewa dama yunwa za ta kashe su kafin sabuwar ciyawa ta yi tsaba. Gubar kuma ba ta zaɓe: shaho da shirwa da suka ci mushen suna mutuwa, tana kuma sauka a ruwan da masunta da makiyaya ke amfani da shi.

Wani kaso na kuɗin hayar jirgi ya kamata ya tafi ga yashe magudanu da sare kacala, da sakin ruwan madatsun ta yadda fadama za ta riƙa bushewa da rani, da taimaka wa manoman yanki ɗaya su yi shuka da girbi tare. A Chadi akwai masu kama jan-baki da raga cikin dare su kai kasuwa, sana'ar da feshin guba ke hanawa, don tsuntsun da aka fesa bai dace da ci ba.