Abuja Ta Matsa Muku, Kun Huce Kan Talakan Shanga

Ku masu ƙananan bankunan ba da rance, da ku nake. Duk sanda Babban Bankin Najeriya ya tsaurara doka, kukanku ɗaya ne: jarin da ake nema ya yi yawa, wa'adi ya yi kaɗan. To, mu duba wa'adin. A Oktoban 2018 aka sanar da ƙarin jari. A Maris 2019 aka sassauta, aka ce bankin karkara ya kawo naira miliyan 50, na birni miliyan 200, na jiha biliyan 1, na ƙasa baki ɗaya biliyan 5. Da korona ta zo, aka ɗage wa'adin zuwa Afrilun 2022. Sai a Mayun 2023 aka soke lasisin guda 179. Shekara huɗu da rabi ana ta gargaɗi, kuma har yau wasunku na cewa an shammace su.

A tsawon waɗannan shekarun, nawa ne daga cikinku suka haɗe da juna don jari ya cika? Nawa ne suka tara masu ajiya suka ce jama'a, ga halin da muke ciki? Akasarinku shiru kuka yi, ana ta karɓar kuɗin mutane da murmushi har ranar da aka sa kwaɗo a ƙofa. Wannan cin amana ne, ba shi da wani suna. Hukumar NDIC mai inshorar ajiya, a lokacin naira dubu 200 kacal take lamunce wa kowane mai ajiya. Abin da ya haura sai an sayar da kadara an karɓo basussuka, in an samu. An ɗaga adadin zuwa miliyan 2 a 2024, amma wanda kuɗin albasarsa ya maƙale a 2023 bai ci gajiyar wannan ba.

Kuma ba yau kuka fara ba. A Satumban 2010, zamanin da Sanusi Lamido Sanusi ke gwamnan Babban Banki, an soke lasisin guda 224, kuma cikin dalilan da aka bayyana har da bashin na cikin gida. Darakta ya ci, ƙaninsa ya ci, surukinsa ya ci, babu mai biya, babu mai iya tambaya. Amma matar da ke bandar kifi a bakin ruwan Kainji, in ta yi jinkirin mako guda, babur na ƙofar gidanta, a kira sunanta gaban 'yan ƙungiyarsu, a ce sauran mata su biya mata. Kunyar da kuka kasa ba attajiri, ita kuke ɗora wa.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda kuke cike giɓi. Ku gajarta wa'adin rance, ku ƙara kuɗin ruwa da na fam, ku ce a riƙa biya mako-mako. Manomin shinkafa a Shanga ba ya ganin kuɗi sai kaka, kun sani sarai. Kun kuma ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa gonakin Kebbi. Ta ina zai kawo biyan mako, in ba ya sayar da akuya ko ya ciwo wani bashin ba? Matakin miliyan 50 ɗin nan don ƙauyuka irin su Takware da Dugu Tsoho aka yi shi, amma da an matsa muku, ƙauye kuke fara janyewa, ku bar mutum da kuɗin babur zuwa Yelwa.

A jihar Andhra Pradesh ta Indiya, irin wannan matsin karɓar bashi ne ya sa gwamnati ta kafa doka a Oktoban 2010, mutane suka daina biya kusan gaba ɗaya, kamfanoni suka durƙushe. Nan ma haƙurin mutane na da iyaka, kuma adashi bai mutu ba.

Ku fara karɓo bashin daraktocinku kafin ku taka ƙofar kowace mace. Ku liƙa lissafin bankinku da Hausa inda mai ajiya zai karanta. Wanda ya san jarinsa ba zai cika ba, ya daina karɓar ajiya yau, ya kira mutane ya mayar musu da kuɗinsu tun akwai abin mayarwa.