Ɗan Makullin Da Muka Bar Wa Kawu

Ana saura kwanaki Babbar Sallar 2022 ƙanena ya iso garinmu Abu Hujar daga Jidda, inda yake aikin wayoyin lantarki. Cikin tsarabarsa akwai wani kwali da ya hana yara taɓawa. Sai bayan la'asar, muna zaune ƙarƙashin rumfa, wadda a nan muke kira rakuba, ana shan shayi, ya buɗe shi ya ce, "Yaya, daga yau an gama ɗaura ɗan makulli a bakin zane." Makullin zamani ne baƙi mai sheƙi, ana buɗe shi da zanen yatsa, ko lambobin sirri, ko ɗan kati, ko manhajar waya. A ƙasan kwalin akwai 'yan makulli biyu na ƙarfe cikin leda, babu wanda ya ko ɗaga su ya duba.

Ni na fi kowa murna, kuma ina da dalili. Gidanmu gidan yawa ne. Duk wata sai an yi cigiyar ɗan makulli, ko yaro ya yar da shi a hanyar makarantar allo, ko wani ya tafi gona da shi ya bar mata a waje. Mun fasa kwaɗo, wanda a nan muke kira ɗabla, ya fi a ƙirga. Sai ga abin da zai san yatsan kowa, har ya rubuta wa ya shiga da ƙarfe nawa.

Tun wurin ɗaurawa ya kamata mu farga. An ƙera makullin don ƙofar katako mai kauri, irin ta gidajen bene, mu kuwa ƙofarmu ta ƙarfe ce shafal, mai sakata, aikin mai walda na kasuwa. Sai da aka yanka ƙyauren aka lanƙaya masa wani ɗan akwati kafin harshen makullin ya sami wurin zama. Duk wannan aiki a tsakiyar ƙyaure aka yi shi. Maratayan ƙofar, waɗanda suka fi ashirin a shekaru, suna nan cikin jan bulo da laka kamar yadda mahaifinmu ya bar su, babu wanda ya ce a duba su.

Inna ce ta fara shan wahala. Yatsunta kullum da lalle, ga shekaru, ga wanke-wanke, zanen ya shafe. Ta ɗora yatsa sau uku, sau huɗu, makullin ya yi ƙara ya ƙi. Da kaka ta zo aka shiga yankan riɗi da dawa, mazan gidan ma suka bi sahunta, don hannun da ya wuni riƙe da lauje ba ya dawowa da zanen da ya fita da shi. Haka maƙwabtanmu masunta da ke jan koma a kogin da muke kira Bahar, da za a ba su irinsa, da kullum a waje za su kwana. Injin yana neman yatsa mai tsabta, busasshe, marar kanta, mu kuma irin wannan yatsa sai ranar Juma'a. Muka koma ga lambobi, Inna ta haddace su, amma ba a yi wata ba duk yaran layin suka sani, domin jikokinta da ƙarfi suke karanto mata.

Sai bazara. Wanda ya san Afrilu da Mayu a jihar Sannar ya san zafi na haura digiri 40, ƙofar ƙarfe mai kallon yamma kuwa ko taɓa ta ba a yi da rana. Baturan da takardar kwalin ta yi wa alkawarin watanni suka riƙa mutuwa da wuri, wani zubin har su yi ruwa su ci ƙarfen mazauninsu. Guguwar ƙura ta cika idon da ke karanta yatsa. Ranar da makullin ya mutu ɗungurungum ina waje da buhun gawayi, sai da na kira ƙanena a Jidda ya nuna mini wata 'yar kafar caji a ƙasansa, na jona fawa banki, ya farfaɗo. A daren nan na nemo 'yan makullin ƙarfen nan biyu, na same su cikin gidan, a ƙasan akwatin Inna, wato a inda ba za su amfani wanda aka kulle a waje da komai ba. Na jefa ɗaya a aljihu.

Duk wannan ƙananan abubuwa ne idan aka gwada da abin da ya biyo baya. Yaƙi ya ɓarke a Khartum ran 15 ga Afrilun 2023. A Disamba ya cinye Madani, mutanen Jazira suka kwararo mana. A farkon Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk ƙasar, har ta kai mai son karɓar kuɗi ta manhajar banki ta Bankak sai ya je ya biya a shagon mai intanet ɗin Starlink. Manhajar makullin, wadda ƙanena ke alfaharin yana iya buɗe mana ƙofa da ita daga Saudiyya, ta zama hoto kawai a fuskar waya. Wutar lantarki ma, duk da ga madatsar Rusairis a kudu da mu da ta Sannar a arewa, sai ta yi kwanaki ba a gan ta ba. Batura masu kyau suka ɓace a kasuwa.

A ƙarshen Yunin 2024 yaƙin ya shiga Sinja. Cikin ruwan damina muka ɗaure abin da ya sawwaƙa muka nufi Damazin. Maƙwabcinmu, dattijon da muka tashi muna kira Kawu ko da yake ba mu haɗa jini ba, ya ce shi ba inda za shi. Na je sallama na ce, "Kawu, bari in koya maka lambobin ƙofa." Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ni ba na riƙe lamba. Idan akwai ɗan makulli ka ba ni, in babu ka bar wa Allah." Na koma da gudu na zaro na biyun daga akwatin Inna na damƙa masa. Ya zura shi a igiyar layarsa.

A kan hanya na yi ta tunanin kakanninmu. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin wannan kogi namu na Bahar a 1906. Wasu kuma hanyar Makka ce ta kawo su, suka tsaya noman guzuri, aikin audugar Jazira ya buɗe bayan an gama madatsar Sannar a 1925, zama ya yi daɗi, aka hayayyafa. Kowannensu ya bar gida a Sakkwato ko Kano ko Katsina, kuma abin da ya bari a hannun mutum ya bar shi, da sunan amana. Mu jikokinsu mun kusa miƙa tamu amanar ga batura huɗu.

Sojoji sun sanar da komawa Sinja ran 23 ga Nuwamban 2024, mu kuma ba mu dawo ba sai farkon 2025. Na tarar da ƙyauren ƙofarmu kwance a ƙasa. Waɗanda suka shiga ba su ɓata lokaci a kan makullin ba, ƙarfe suka zura ta gefen maratayan suka ɓamɓare su daga bango. Makullin na nan lafiyarsa lau, harshensa a fice, a kulle, batura sun daɗe da mutuwa. An kwashe katifu da firji da abin da ya rage na dawa.

Amma takardun gida da na gona, da takardun makarantar yara, da keken ɗinkin matata, da buhunan irin riɗi, duk suna nan. Kawu ne, tun a makon farko da tafiyarmu, baturan sun riga sun mutu, ya sa ɗan makullin ƙarfen ya buɗe, shi da jikokinsa suka kwashe su cikin dare, ya binne takardun cikin tulu a bayan ɗakinsa. Da na durƙusa ina godiya hawaye suka hana ni magana, shi kuwa cewa ya yi, "Tashi, ɗana. Da ubanka ne a nan, abin da zai yi mini ke nan."

Ban tsani makullin zamani ba. Ga mai shago a gari, ko mai ɗakunan haya da baƙi ke shiga suna fita, yana da amfani na gaske: a ba mutum lamba ta kwana uku, ya tafi a soke ta, ba sai an canza kuba ba. Abin da na ƙi shi ne yadda muka zaɓe shi, muna kallon abin da yake yi ranar da komai ke tafiya daidai. Ko a Amurka, inda wuta da intanet ba sa yankewa kamar namu, a Agustan 2017 kamfanin LockState ya tura wa makullansa sabuntawar manhaja da ba tasu ba, wajen 500 suka daina karɓar lambobi, masu gidajen suka koma ga ɗan makullin ƙarfe.

Yanzu da ake ta gyaran gidaje daga Sinja zuwa Wad an-Nayyal, 'yan'uwa na ƙasashen Larabawa sun fara aiko da irin wannan kwali. Duk wanda ya tambaye ni, cewa nake ya fara kiran mai walda da magini su duba maratayi da madogarar ƙofa, kuɗin da zai kashe a nan ya fi na makullin muhimmanci. Bayan haka ya tabbata makullin yana buɗewa da lamba ko kati ba tare da intanet ba, domin mai dogaro da waifai ya fi cin batir, kuma yana kurumcewa ranar da layi ya ɗauke. Ya duba jikin kwalin ko akwai alamar IP65, wadda 6 ɗinta ke nufin ƙura ba ta shiga, 5 kuma yana jure feshin ruwa, sannan ya yi masa 'yar rumfa daga rana. Ya gwada shi da yatsan mafi tsufa a gidan kafin ya biya. Wanda ba shi da ramin ɗan makulli kuwa, ko kyauta ne kada ya ɗaura shi a ƙofar da iyali ke kwana a bayanta.

Mun tayar da ƙofarmu, an zuba siminti a gefenta, an sa maratayi uku sababbi. Makullin ƙanena ya koma wurinsa, don har yanzu yana aiki, amma na ƙara sakata mai ɗabla a samansa. Ɗan'uwa, idan naka kwalin ya iso, ka fara laluben ƙasansa ka fito da 'yan makullin nan kafin ka sa batir. Namu biyu ne: ɗaya na aljihuna, ɗayan yana nan a igiyar layar Kawu.