Wanda ya ture kwano ba lallai iyayi yake yi ba

Shekara ashirin da wani abu ke nan rabona da ɗanwake. Ina aji biyu na sakandare na dawo gida da yunwa, Inna ta zubo mini shi da man gyaɗa da yaji da yankakken ƙwai, na ci har da suɗe kwano. Da daddare zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ni, na kwana ina amai. Na san sauro ne ya jawo, a asibiti ma haka aka ce, amma cikina bai yarda ba. Har yau in na ji warin kanwa da kuka na tashi daga tukunya, sai zuciyata ta tashi. A gidanmu kuwa hukunci ɗaya aka yanke: iyayi ne.

Ashe abin yana da tushe. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, John Garcia, shi da abokin aikinsa Robert Koelling, sun wallafa sakamakon gwajin ɓeraye a 1966. An ba ɓera ruwa mai zaƙi, daga baya aka sa masa tashin zuciya. Sau ɗaya tak, ɓeran ya daina kusantar ruwan. Garcia ya kuma gano cewa ko da sa'o'i ne suka raba shan ruwan da ciwon, ƙwaƙwalwa sai ta ɗora wa ɗanɗanon laifi. Da farko manyan masana sun ƙi yarda da shi, domin a iliminsu darasi ba ya zama sai an maimaita, kuma sai hukunci ya biyo nan take.

Gwajin da ya fi taɓa ni shi ne na Ilene Bernstein a 1978. Yara masu cutar daji aka ba wani sabon askirim kafin a yi musu maganin nan mai sa amai. Da aka sake kawo musu shi daga baya, akasarinsu suka kau da kai. Yaro ne fa, da askirim!

Sai mata masu juna biyu, waɗanda suka fi kowa shan gori. Lokacin da maiɗakina ke laulayin fari, ko ƙamshin suyar nama ba ta iya shaƙa. Wata gwaggona ta dube ta ta ce, "'Yar nan, mu da muka haifi goma ba mu yi wannan tsirfar ba." Ni ma, Allah Ya yafe mini, na yi dariya, na manta da ɗanwakena. A 2000 Samuel Flaxman da Paul Sherman na Jami'ar Cornell suka tattara binciken da aka yi a kan laulayi, suka ga nama da kifi da ƙwai su ne masu ciki suka fi ƙyama, musamman a watanni ukun farko. Fassararsu ita ce jiki na kare ɗan tayi daga abincin da ke saurin lalacewa. Ko ka yarda da wannan fassara ko ka ja, ƙyamar dai gaskiya ce.

Ban ce kowane yaro da ya ture tuwo yana da hujja ba. Akwai mai jiran taliya, kuma uwa ta fi kowa gane shi. Amma wanda ke cin komai ya ware abu ɗaya, kuma da ganinsa sai fuskarsa ta yamutse, bulala ba ta gyara shi, ɗura ma ƙara masa ƙiyayya take yi.

Iyaye mata, kafin ku ɗauko muciya ku tambayi yaron yaushe abin ya fara. Maigida kuma, in mai ciki ta ce ba ta iya tsayawa kan tukunyar nama, ka nemo wanda zai dafa.