Ashe kiran sunan miji ya fi cin dukiyar maraya muni?

Mai karatu, bari in fara da abin da ya faru a kan idona. Kwanakin baya ina zaune a shagon wani tela a unguwarmu, ana kallon wani shiri mai dogon zango a waya. Sai aka zo wurin da matar gida ta kira mijinta da sunansa gatsau, babu "maigida" babu "Alhaji". Wani dattijo da ke gefe ya zabura ya ce, "Innalillahi! 'Yan fim sun gama da tarbiyyar 'ya'yanmu." Kowa ya gyaɗa kai. Can gaba kaɗan, a cikin shirin dai, aka nuno wani ƙane ya sayar da gidan marayun yayansa ya cinye kuɗin. Wallahi ko tari ba wanda ya yi.

To ka ji inda gizo ke saƙar. Mun ɗauki al'ada da tarbiyya mun zuba a tukunya ɗaya mun dama, har ba mu iya gane wanne ne wanne. Al'ada ita ce abin da mutanen wani wuri suka saba a wani zamani: yadda ake gaisuwa, yadda ake biki, wa zai ci abinci da wa. Ita kuwa tarbiyya magana ce ta gaskiya da amana da tausayi da barin zalunci. Ta farko tana sauyawa daga Kano zuwa Damagaram. Ta biyu ko a Sin ka je tana nan yadda take.

Kakata har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta na fari ba. Kara ce, kuma ina ganin kyanta. Amma 'yar'uwata da ke kiran nata ɗan farin da sunansa, har ta goya shi a gaban surukai, wane zunubi ta yi? Shi kansa kiran sunan mijin, a cikin hadisin da Bukhari ya ruwaito, Nana Hajara da sunansa ta kira Annabi Ibrahim (AS) lokacin da zai tafi ya bar ta a Makka. Akwai mai bakin cewa ba ta da tarbiyya? Dubi lefe ma. Asalinsa ɗan kwando ne na kaba. Aka koma kwalla, aka koma akwati, yau ana jera saiti-saiti. Ba wanda ya yi salati don kwando ya ɓace. Wurin da ya kamata a yi salatin shi ne inda saurayi ke cin bashin da zai shekara biyar yana biya don gudun gorin dangin amarya, kuma nan ɗin ne muke shiru, wai al'ada ce.

Wannan ruɗani ba yau ya fara cin mawallafa da 'yan fim ba. A ƙarshen shekarar 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai. A 2007 kuma hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yanmata, da sunan gyaran tarbiyya. Ban ce duk abin da aka rubuta ko aka ɗauka mai tsabta ba ne. Akwai shara, kuma mun gan ta. Amma wa ya tsaya ya tambayi me yawancin littattafan nan ke faɗa da shi? Auren dole ne, da cire yarinya daga makaranta, da sakin wulaƙanci. Ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'ya tara saboda amarya. A idon unguwa Alhaji bai saɓa al'ada ba: namiji ne, gidansa ne, ya ƙara aure. Marubuciyar ce ta nuna mana cewa azzalumi ne. Tsakanin ita da masu yi wa irin su Alhaji Abdu uzuri, wa ke kare tarbiyya?

Kuma kada wani ya ce wannan ra'ayin 'yan boko ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya caccaki malaman zamaninsa da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da ɗalibai a waje. A lokacin ai hakan shi ne al'ada. Bai ce a bar ta don an gada ba. Malaman fiƙihu ma suna aiki da al'ada ne matuƙar ba ta ci karo da nassi ba.

Yanzu bari in juyo kanku, 'yan fim da marubuta, don kada ku ɗauka lauyanku ne ni. Ku ma kun iya wannan dabarar, sai dai ta baya kuke bi. Duk lokacin da aka kama ku da laifi na gaske sai ku ce ai zamani ne, masu suka 'yan gargajiya ne. Haba! Furodusan da ya sa yara aiki kwana goma a lokeshan ya hana su haƙƙinsu, zamani ne ya sa shi? Wanda ya kwashe labarin littafin wani ya mai da shi fim ko sunansa bai sa ba, wace tsohuwar al'ada ya karya? Sata ya yi. Wanda yarinya ta zo neman fitowa a fim ya ce sai ta biya da mutuncinta, ko da hijabi har ƙasa ta fito a fim ɗin, ɓarnar ta riga ta auku, kuma almakashin hukuma ba zai taɓa kai wa gare ta ba, tunda ba a gaban kyamara aka yi ba.

Za a ce mini kunya ai tana cikin imani. Haka ne, ban musa ba. Amma kunyar da ke hana mutum ya ci abinci a gaban surukinsa, ta kasa hana shi tauye mudu a kasuwa, wace iri ce? Dattijon nan na shagon tela na san shi, tare muke sallah. Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifinsu, har yau ƙannensa mata ba su ga ko taku ɗaya na gonar gado ba. Da aka yi masa magana, cewa ya yi a gidansu ba a saba ba mace gona ba.