Numfashin mai jego

Mace ta haihu lafiya, an sha suna, bayan 'yan makonni sai ƙafafunta su kumbura, ta kasa kwanciya sai a jingine saboda numfashi yana sarƙewa. A gida a ce gajiyar haihuwa ce ko iska ta shige ta. Sau da yawa zuciyar ce ta buɗe ta raunana, har ta kasa tura jini.

Tun a shekarun 1970 likitocin Zariya, Davidson da Parry, suka bi diddigin wannan ciwo, suka ɗora zargi a kan kunun kanwa, wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Maganar ta zauna a littattafan likitanci shekara da shekaru. Sai binciken PEACE, wanda Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta a asibitoci 22, ya fito a 2020 da wani sakamako daban. A Arewa maso Yamma ana samun ciwon kusan sau ɗaya cikin haihuwa ɗari, kuma abin da ya fi tafiya da shi rama ce, da rashin ilimi, da rashin sana'a, da hawan jinin ciki. Wanka da kunu ba su fito a matsayin sanadi ba.

Wannan tuhuma ce a kan talauci, kuma ta fi zafi. Gwamnatocin jihohi su kai na'urar hoton zuciya manyan asibitocinsu, ungozoma kuma su san cewa mai jegon da ke haki asibiti za a kai ta a ranar.