Kafin A Sayi Tsohon Agogo, A Buɗe Murfinsa

Tun da layin dogo ya iso Kaura Namoda a 1929, agogo ya samu wurin zama a wannan yanki, domin jirgi ba ya jiran wanda ya makara. Daga baya alhazai suka riƙa dawowa da Seiko da Rado a matsayin tsarabar Makka. Yau waɗannan agogunan suna fitowa daga akwatunan gado a Zurmi, ko a shimfiɗar 'yan gwanjo ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi, kuma masu sha'awarsu sun ƙaru. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya sayi tsohon agogo don kyan fuskarsa kawai, kallon kitse yake yi wa rogo.

Jabu tsantsa ba shi ne babban haɗari ba, domin nauyinsa da rubutunsa kan tona masa asiri. Wanda ya fi yaudara shi ne haɗe-haɗe: gida na asali, injin wani agogon, da fuskar da aka sake wa fenti. Irin wannan ya yi yawa a Indiya har masu tara agogo suka laƙaba masa sunan birnin Mumbai.

Sa'ar da aka yi, kamfanin Seiko ya bar shaida a rubuce. A murfin baya akwai lamba mai kashi biyu. Kashi na farko, kamar 7009 ko 7S26, sunan injin ne. Dole a sami wannan lamba a jikin injin kansa, da kuma cikin ƙananan rubutun da ke ƙasan fuskar agogon. Idan ukun suka saɓa, an yi haɗi. Lambar siriyal kuma tana faɗin lokacin ƙira: ta farko ƙarshen shekara ce, ta biyu wata. Wadda ta fara da 8N na nufin Nuwamba na shekarar da ta ƙare da 8. Injin 7S26 bai fito ba sai 1996, don haka mai cewa irin wannan agogon na 1978 ne, bai faɗi gaskiya ba.

Seiko 5, wanda ya fara fitowa a 1963, galibi ba ya amfani da batir. Allurar daƙiƙarsa tana motsi sau da yawa cikin daƙiƙa guda. In tana tsalle ɗaya-ɗaya, mai yiwuwa injin batir aka cusa masa. Rado DiaStar na 1962 kuwa an yi gidansa da ƙarfe mai taurin gaske, saboda haka ƙarzuwa mai yawa a jikinsa abin tuhuma ce.

Wani zai ce, tunda agogon yana tafiya daidai, ina ruwan mai saye da asalinsa? Babu laifi, muddin an faɗa masa, kuma kuɗin haɗe-haɗe ya biya. Malaman fiƙihu sun ba mai saye damar mayar da haja idan aka ɓoye masa aibinta, amma ɗan gwanjon da ya tashi da yamma, ina za a same shi?

Saboda haka a yi ciniki a gaban mai gyaran agogo, ya buɗe murfi kowa ya gani. Su ma magada su daina kai agogon mahaifinsu a goge shi har ya yi kamar sabo, domin fuskar da ta dusashe da kanta ta fi wadda aka fenta daraja. Dillalin da ya ƙi a buɗe murfi, ya riga ya amsa tambayar.